Ƙyallaye Takwas na Ya Kaltum

Katagum, Litinin, 3 ga Yuni

Zuwa ga jikata Saudatu,

Assalamu alaikum. Yau Litinin na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi. Gwiwar hagu ta bar ni na yi sallar asuba a tsaye, abin da ban samu ba tun makon jiya. Tari yana nan, amma ya rage ƙarfi. Kunne kuwa ya daɗe da bin sahuna ya yi ritaya. Wayar da mijinki Uzairu ya kawo mini tana cikin kwano a kan taga. In ta yi ƙara ba na ji, in na ɗauka kuma sai in yi ta cewa na'am ba tare da na san abin da na amsa ba. Takarda ba ta yi mini wannan wulaƙanci. Babayo direba ya yarda zai riƙa ajiye miki wasiƙata a makarantar da kike koyarwa duk ranar da ya shigo Azare.

Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki. Ki gaishe da mahaifiyarki. Tun da Allah ya karɓi ran ƙanena Yunusa, kakanki, ke kaɗai ce a zuriyarsa mai tuna cewa wansa yana nan da sauran numfashi. Shi ya sa in buƙata ta taso ke nake nufa.

Ga buƙatar. Ki shiga kasuwa ki samo mini farin yadi mai laushi, auduga zalla, marar zane marar ado, yadi biyu. Na kasuwarmu duk masu sheƙi ne, ba su dace da abin da nake nufi ba. Ki haɗa da farin zare guda uku, da allura mai faɗin kafa, don idona ya daina ganin ƙananan. Kada ki gaya wa kowa. Akwai wani shiri da nake so in kammala tun ina da sauran gani, kafin lokaci ya cim mini.

An yi ruwa mai kyau daren Asabar, mutane duk sun fita shuka. Unguwa shiru, sai ni da kaji.

Tsohon angonki,
Abdurrahim Jalo

*

Azare, Alhamis, 6 ga Yuni

Kaka,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, amma wasiƙarka ta hana ni cin abinci. A ɗakin malamai na buɗe ta, sai da shugabarmu ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mana.

Farin yadi marar zane. Kada a gaya wa kowa. Shiri kafin lokaci ya yi. Kaka, don Allah me kake so in ɗauka? Ka yafe mini, na karya umarninka na nuna wa Uzairu. Ya ce in kwantar da hankalina, yadi biyu ba ya isa likkafanin mutum mai tsawonka, sai dai in ka yi kuskuren awo. Na ce masa mutumin da ya shekara talatin da biyar yana aikin safiyo ba ya kuskuren awo. Ya ce to ai shi ke nan, ba likkafani ba ne. Duk da haka zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ban sayi yadin ba, ba kuma zan saya ba sai ka gaya mini gaskiya. Me likita ya ce maka? Tarin nan da jini ne? In abin ya yi tsanani ka faɗa, Uzairu ya zo ya ɗauko ka.

In kuwa shirin guduwa kake yi ka bar ni, to ka sani har yau ba ka yi mini lefe ba, ba inda za ka.

Amaryarka,
Saudatu

*

Katagum, Lahadi, 9 ga Yuni

Amaryata Saudatu,

Yau Lahadi, jiki da sauƙi, sai dai haƙarƙarina yana ciwo saboda dariyar da kika sa ni. Rabon da in yi dariya ni kaɗai a gidan nan har na manta. Ki gaya wa Uzairu ya yi tunani mai kyau. Likkafanina yana ƙasan akwati tun shekarar da na sauke farali, an jiƙa shi da zamzam, ba ya neman taimakon kowa. Tarin kuma ba jini.

Tunda kin tilasta ni, ga maganar.

Kin tuna bayan rasuwar kakarki Ya Kaltum, da aka raba gado, mata suka kwashe zannuwa da mayafai. A ƙasan akwatinta na ƙarfe an bar wani ɗan ƙunshi, ba wadda ta ko kwance shi. Shekara biyu ban taɓa shi ba. Watan jiya na kwance.

Tana da wata al'ada da ƙila ba ki sani ba. Duk turmin atamfar da ya shigo hannunta, kafin ya tafi wurin tela sai ta yanki rabin yadi, ta ninka, ta raba shi biyu. Ɗaya ta aika wa ƙanwarta a Gashuwa, ɗaya ta ajiye. Na sha yi mata faɗa a kan ɓarnar yadi, ta ce mini, "Malam, kai ka auna gonakin mutane, ka bar mini zanena." Abin da ya ba ni sha'awa yanzu shi ne yankan. Kwatan yadi ne, amma ba siriri dogo irin na 'yan kasuwa ba. Mai faɗi ne, inci goma sha takwas a ashirin da biyu. Na auna duka, bambancinsu bai kai faɗin farce ba, alhali ba ta taɓa riƙe abin awo ba.

Guda takwas na samu. Akwai kore mai ganye, ankon bikin mahaifiyarki. Akwai shuɗi mai tsuntsaye da na sayo mata lokacin da aka mai da ni aiki garin Yana. Akwai mai ruwan ƙasa da ta sa muka je Shira gaisuwa, mota ta lalace muka ƙarasa a kan amalanke. Akwai kuma ja, shi ne na ƙarshe, ankon bikinki. Ta yanki nata, amma ba ta kai ga ɗinkawa ba.

Zinatu matar maƙwabcina, mai kawo mini abinci, ta ce mini kin yi nauyi. Ban tambaye ki ba, ba kuma sai kin amsa ba. Ni dai ga abin da na ƙudurta. Ina saurayi a Bauchi na taɓa ganin matar wani Baturen safiyo ta shanya bargo da aka haɗa da ƙyalle-ƙyalle, murabba'i kusa da murabba'i, kamar taswirar gonaki. Na tsaya na auna shi da ido, yau shekara kusan sittin bai fita daga kaina ba. Irinsa zan yi wa baƙon da ke tafe. Farin yadin na bayansa ne.

Allah bai ba mu haihuwa ba, ni da ita. Ke ce kika zauna a bayanta shekara huɗu. Ba ta bar ɗa ba, ta bar ƙyalle takwas, ni kuma ba na so in mutu a share su a zuba a bola.

Na riga na zana taswirar a takarda: fili arba'in da takwas, jeri takwas, kowane jeri shida, ba launi ɗaya da zai yi maƙwabtaka da ɗan'uwansa. Kekenta na ɗinki na hannu yana nan, na sa masa mai. Yanzu sai ki aiko da yadin, ki kuma ci abinci.

Kakanki,
Abdurrahim Jalo

*

Azare, Alhamis, 20 ga Yuni

Kaka,

Barka da Sallah, da fata an yi lafiya. Babayo zai ba ka nama soyayye a cikin roba, na daka maka shi saboda haƙora. Ga kuma yadin da zare da allura. Maganar Zinatu kuwa, bakinta ya fi gidan rediyo nisan zango. Ni ban ce komai ba.

Na yi kuka da na karanta labarin ƙyallayen, musamman jan. Ban san ta yanka ba.

Mun taɓa yin irin wannan ɗinki a kwaleji, don haka yau ni ce malama kai ne ɗalibi. Kafin ka sa almakashi, ka wanke kowane ƙyalle shi kaɗai da ɗan gishiri, ka shanya a inuwa, ka goge. Sababbi ne, ba su taɓa ganin ruwa ba. In ka haɗa su haka, ranar wankin farko wasu za su tsuke, wasu su zuba. Jan nan na san shi, nawa ya ɓata mini farin ɗankwali. Ka bar kwatan inci a kowane gefe don ɗinki. Ka haɗa jeri-jeri tukuna, sannan ka haɗa jerin da juna. A tsakiya ka sa wani abu mai taushi marar nauyi.

Amma Kaka, kada ka wahalar da kanka. Uzairu ya riga ya sayo barguna biyu masu laushi a kanti, ba abin da aka rasa. Ka kuma san jariri ba a rufa masa abin da ya daɗe a akwati ba a wanke ba.

Ka riƙa shan maganinka.

Taka,
Saudatu

*

Katagum, Lahadi, 7 ga Yuli

Malama Saudatu,

Yau Lahadi. Lafiya ba laifi. Nama ya iso, na gode.

Na karanta wasiƙarki sau uku, na kuma gane. Gidan da ke da barguna biyu na kanti ba ya buƙatar tsumman tsohuwa da ya daɗe a akwati. Ba komai. Ni dai abin da na fara ba na barinsa a hanya, ko da kaina zan rufa da shi. Zan ba ki rahoton aiki ne kawai, kamar yadda ɗalibi ke yi wa malamarsa.

Na yanki kwali murabba'i, inci bakwai kowane gefe, da tsohuwar rulata ta ofis. Kowane ƙyalle ya ba ni shida. Hannuna yana rawa, sai na gano in na kafa gwiwar hannu a kan tebur na riƙe numfashi, almakashi yana bin layin alli kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Kwana biyar na yi ina yanka, daga hantsi zuwa azahar, lokacin da haske ke shigowa zaure. Arba'in da takwas cif. Na ɗora su a kan juna, gefensu ya tashi sumul kamar na sabon littafi.

Jiya Sherif tela ya zo har gida. Ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya don in ji, ya ce, "Malam, ashe gaskiya ne! A kasuwa ana cewa ka fara tara tsumma, saura ka fara magana kai kaɗai."

Na ce, "Magana ni kaɗai ai na daɗe da farawa. Shigo ka ga tsumman."

Lokacin na haɗa jeri biyar. Ya ɗauka yana murmushi, ya kai bakin ƙofa wurin haske. Ya duba inda kusurwa huɗu ke haɗuwa. Ya duba ta biyu, ya duba ta uku. Ya juya bayan ya bi ɗinkin da ɗan yatsa. Murmushin ya tafi.

Ya ce, "Tsakani da Allah, wa ya haɗa maka kusurwoyin nan?"

Na ce, "Sherif, shekara talatin da biyar ina haɗa iyakar gonaki huɗu a kan turke ɗaya, masu gonakin suna tsaye a kaina kowa da sandarsa. Ƙyalle ne zai gagare ni, shi da ba ya zagi?"

Ya ce in zo shagonsa ya ɗauke ni aiki. Na ce sai dai shi ya zo in koya masa riƙon rula. Ya fita yana girgiza kai, na kuma ji daga Zinatu cewa a kasuwar ma maganar ta sauya.

Wani abu kuma da nake alfahari da shi. Kowane ƙyalle ya bar sirara a gefe bayan yanka. Ban zubar ba. Na jona su sun zama igiya ɗaya doguwa mai launi takwas, da ita zan naɗe bakin bargon. Na auna, za ta zagaye shi daidai. Ƙyalle takwas, ba abin da zai saura ko na ɗaure yatsa. Kakarki da nake zargi da ɓarna, ga shi na rama mata.

Kwatan inci na bari, kamar yadda kika ce. Jeri-jeri na haɗa, kamar yadda kika ce. Wanki ne ban yi ba, ba kuma zan yi ba. Ina da dalilina.

Ba sai kin wahalar da kanki da amsa ba.

A. Jalo

*

Azare, Litinin, 2 ga Satumba

Kakana, angona mai fushi,

Ina rubuto maka daga ɗakin mahaifiyata, inda nake wankan jego. Allah ya sauke ni lafiya ranar Laraba, sha huɗu ga Agusta. Mace ce. Ranar suna Uzairu ya raɗa mata Kaltum. Ni na roƙe shi tun kafin ta zo.

Kada ka ce na yi maka shiru. Sau biyu na rubuta. Ruwa ya cinye hanya bayan Gadau, Babayo ya jingine mota kusan mako shida, wasiƙun suka dawo mini a aljihunsa sun jiƙe. Wayarka kuma mun buga har mun gaji, na san tana cikin kwano. Ranar suna na yi ta kallon ƙofa duk da na san ba hanya.

Yanzu ka gaya mini, a wane layi na rubuta tsumma? Na ce kada ka wahala ne saboda idonka da bayanka. Bargunan Uzairu kuwa, akwai irinsu dubu a kasuwa, har da hoton zomo. Naka guda ɗaya ne a duniya. Wallahi da ka ga yadda na karanta wa mata labarin Sherif tela, da ba ka kira ni Malama Saudatu ba.

Maganar wanki ce kaɗai ba zan janye ba, ba kuma don ƙyama ba. Yarinyar nan fatarta ba ta son komai. Sabuwar riga aka sa mata ba a wanke ba, jikinta ya yi ƙuraje. Turaren wuta ma an hana a kunna a ɗakin, da ta shaƙa sai atishawa da kuka. Ka ji mai sunan Ya Kaltum da gudun turare! Ma'aikaciyar asibiti ta ce duk abin da zai taɓa jikinta a wanke shi sarai, ba ƙamshi ba rini.

Za mu yi arba'in ranar Litinin ashirin da uku. Ranar Juma'a ashirin da bakwai, in Allah ya yarda, gidanka ne farkon inda za mu taka a yawon arba'in. Ina so in shimfiɗa ta a kan bargon, ka gan ta a kai da idonka.

Ka faɗa mini dalilin naka, Kaka. Ba na son in sake karanta ka a karkace.

Amaryarka da kishiyarta sabuwa,
Saudatu

*

Katagum, Talata, 10 ga Satumba

Saudatu, jikata,

Yau Talata. Na yi kwana huɗu a kwance da zazzaɓi a watan jiya, yanzu na miƙe, sai rashin ƙarfi. Wasiƙarki ta fi allurar da aka yi mini aiki. Barka, barka. Allah ya raya Kaltum, ya sa ta ɗauko halin mai sunan, ban da taurin kai. Na karanta sunan na ajiye takardar, na daɗe ban iya ci gaba ba.

Na yi miki rashin adalci. Tsoho in ya zauna shi kaɗai, kalma ɗaya sai ya yi ta juya ta har ta yi ƙaya. Ki yafe mini.

Bargo ya kammala tun ƙarshen Agusta. A tsakiya na sa siririn mayafin ulu da na zo da shi daga Makka. Na shimfiɗa uku ɗin, fuska da mayafi da farin yadi, a kan tabarma, na kama su da dogon ɗinki, sannan na bi kowane layi da allura da hannu. Mako uku ya ci. Bakin ya naɗu daidai yadda na auna.

Ga dalilin da kika tambaya. Kin san kakarki mutuniyar Borno ce, kin san yadda take da turare. Ita ke haɗa nata, ba ta saye, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa abin da take zubawa ba. Akwatin nan shekara hamsin yana shan hayaƙinsa. Bayan rasuwarta ƙamshin ya bar ɗaki a hankali. Ya bar labule, ya bar matashin kai. Na ɗauka ya tafi ke nan. Ranar da na kwance ƙunshin nan, Saudatu, sai na ji kamar ta wuce ta bayana za ta ɗauko buta.

Kunnena ya mutu, ba zan ƙara jin murya irin tata ba. Idona yana tafiya, hotonta ya zama hazo. Hanci kaɗai ya rage mini. Duk watannin nan da nake ɗinki, tare muke zaune. In na sa bargon nan a ruwa, shi ke nan. Kuma saboda gwanintata ban bar ko tafin hannu a gefe ba, duk na ɗinke. Abin da na yi miki alfahari da shi ke nan.

Na gane maganar fatar yarinya, ba ni da ja. Ki ba ni kwanakin da suka rage. Ranar Juma'ar za ki tarar da ni na yanke shawara.

Kakanki,
Abdurrahim Jalo

*

Katagum, Juma'a, 27 ga Satumba, da hantsi

Amaryata,

Yau Juma'a na tashi garau, kamar an rage mini shekara goma. Gwiwa ba ta ce komai ba. Ina rubuta wannan ne don in miƙa miki hannu da hannu, saboda in kun zo surutun mata ba zai bar ni in yi bayani ba, ba kuma zan ji tambayoyinki ba.

Na wanke shi shekaranjiya Laraba.

Zinatu ta jawo mini ruwa ta cika babban baho. Ta ce, "Baba, kawo in wanke maka, hannunka ba ƙarfi." Na ce wanda ya ɗinka shi zai wanke. Na riƙe shi a fuskata na ɗan lokaci, ita kuma ta juya baya tana gyaran icen da ba ya buƙatar gyara. Sannan na yi bisimilla na tsoma.

Ruwa uku na sauya. Kin yi gaskiya, malama, jan ya zuba. Farin bayan ya koma launin cikin gwaiba. Zinatu ta riƙe baki ta ce, "Wayyo Baba, ya ɓaci!" Na ce ba abin da ya ɓaci, ankon bikin uwar yarinyar ne ya bi ko'ina, kuma ai mace ce. Ya kuma tsuke, na auna bayan ya bushe: inci ɗaya da rabi a tsawo, inci ɗaya a faɗi. Ya yi 'yan ƙananan tattara a jikin ɗinkin, ya ƙara laushi.

Amma ki saurara. Ba zare ɗaya da ya tsinke. Kusurwa talatin da biyar ke cikin bargon nan inda ƙyalle huɗu suka haɗu, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kowace tana kan turkenta. Da yana kan igiya Sherif ya kawo wasu teloli biyu su gani. Ɗayan ya tambaya ko na sayarwa ne. Sherif ya ce masa, "Rufe bakinka, wannan mai shi tana tafe ranar Juma'a." Ki gaya wa Uzairu ya zo da zomayensa biyu a jera da nawa.

Na shinshina shi bayan ya bushe. Sabulu da rana, ba wani abu. Na sake gwadawa ta wajen shuɗin mai tsuntsaye, wanda ya fi daɗewa a akwatin. Babu. Yarinya za ta kwanta a kai ba atishawa. Na yi tsammanin abin zai kayar da ni, sai na ga na tsaya da ƙafata. Ya Kaltum ba ta tara ƙyallen nan don tsoho ya riƙa shinshina ba. Goyo take so, ga shi ta samu.

An share tsakar gida. Na sa an samo kifi daga bakin kogi, Zinatu tana yi muku miya. Na shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗakin kakarki, bargon yana kai, fuskar a sama. Zan tafi masallaci da wuri don in dawo da wuri.

Bayan la'asar.

Na dawo na zauna a zaure. Motar farko ta wuce ba ta tsaya ba. Babayo ya iso wajen ƙarfe huɗu, na miƙe har na fita ba sanda. Buhunan taki ya sauke, da wata tsohuwa. Ya ce bai gan ku a tasha ba, ba a kuma ba shi saƙo ba. Ya ce ƙila Uzairu ya samo wata mota. Ya ce in ba shi bargon ya kai muku gobe da safe.

Na ce masa bargo ba wasiƙa ba ne. Kin ce in gan ta a kai da idona, haka kuwa za a yi. Wannan takardar kaɗai zai ɗauka.

Ban yi fushi ba, kada ki karanta ni a karkace. Mai jego ba ta da ikon ranarta, na sani. In yarinyar ce ba lafiya, ki aiko mini da layi ɗaya. Bargo yana nan, wankakke, ba abin da zai same shi. Na ninke shi na ɗora a kan gado, ban mai da shi akwati ba, kada ya sake ɗaukar wani abu.

Na ce wa Zinatu ta raba kifin ga 'ya'yanta. Yanzu ta leƙo ta nuna mini da hannu cewa an kira magariba.

Ba ku zo ba.

Kakanki,
Abdurrahim Jalo